Mai Ba da Ido

Litinin, da hantsi

Likita ya ce in riƙa rubutu kullum, ko shafi ɗaya ne, wai hannun zai saba ya dawo. To ga shi ina yi. Rubutun dai kamar kaza ta yi tono, amma ba mai karantawa, ni ma ba lallai ba ne.

Lafiyata ƙalau. Wannan nake so in fara sawa a takarda. An sallamo ni daga asibiti shekaranjiya, na shigo gida da ƙafata, na ci abinci, na yi barci. Mai ɗakina ce kawai take bina da ido, idan na miƙe ta miƙe. Na ce mata banɗaki zan shiga, ko za ta raka ni? Ba ta yi dariya ba.

Tunda rubutu za a yi, bari in faɗi ko ni wane ne, ko don yatsu su motsa. Shekara arba'in da wani abu ina wasan kwaikwayo, fim da talabijin. Ban taɓa zama jarumi ba, ban taɓa auren yarinyar da ke jikin fosta ba. Ni ne maigadin da ke buɗe wa jarumi ƙofa, ni ne alƙalin da ke ɗaure shi, ni ne likitan da ke cire tabarau ya ce sai dai haƙuri. Na mutu a fim har na daina ƙirgawa, kuma duk mutuwar da na yi ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. A kasuwa ba wanda ya san sunana, amma ba mai wuce ni bai waiwayo ba. Tsofaffi suna ce mini Maigadi ko Alƙali. Yaran yanzu kuwa Baba Tela suka sani, saboda shirinmu na talabijin mai dogon zango da nake fitowa a tela, uban jarumi.

Saura fitowa ɗaya a rufe wannan zangon, kuma tawa ce. Ita muke cikin ɗauka ranar Talatar da abin ya faru.

Talata, bayan azahar

Yau Talata. Ba zan rubuta komai a kanta ba.

Laraba, da safe

Dogo ya zo. Shi ne mai kyamararmu, tare muka fara tun ana jan waya a ƙasa mutum yana tuntuɓe da ita. Ya zauna ya sha shayi, ya yi zancen ruwan sama, ya yi zancen gwiwarsa, ni kuwa na san Dogo ba ya zancen gwiwa sai da wata a bakinsa. Da mai ɗakina ta shiga kicin ya sassauta murya ya ce furodusa ya sa a sake rubuta ƙarshen. Wai za a buga wa jarumi waya a ce masa tela ya rasu, ya yi kuka, kyamara ta tsaya a kan hotona a bango. An ma aika a yi wa hoton firam.

Na mutu a gado, na mutu a mota, na mutu a kotu ina tsakiyar yanke hukunci. Ban taɓa mutuwa ta waya ba, kuma ba yanzu zan fara ba.

Fitowar da suke so su zubar ga yadda take. Ɗan tela zai bar gari, uban ba ya so, amma ba zai ce kar ya tafi ba. Sai ya ce ya tsaya a gwada shi, zai ɗinka masa rigar tafiya. Yana awo yana magana, kafaɗa, ƙirji, hannu, yana tuna masa awonsa tun yana ƙarami. Shafi uku cur, kyamara a fuskata ni kaɗai. Tun da na shiga sana'ar nan ba wanda ya taɓa ba ni shafi uku. Ranar da aka miƙo mini takardar sai da na tambaya ko an yi kuskuren suna.

Dogo zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Alƙali, tsakani da Allah, za ka iya?"

Na ce ya je ya goge gilashin kyamararsa.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Na fita aski. Mai ɗakina ta ce ba inda za ni, na ce kai ne ya cika, ba ni na cika shi ba. Shagon ƙofa uku ne daga gidanmu, ta tsaya a bakin get har na shiga.

Wani mai jiran layi ya zabura da ya gan ni, ya ce shi fa ya ji an ce na rasu. Na ce a wane fim? Shagon ya kwashe da dariya, har mai aski ya ajiye inji. Na dawo gida ina jin kaina kamar ɗan shekara talatin. Har yanzu na san inda ake ajiye magana ta tashi ɗaki.

Lafiyata ƙalau.

Juma'a, da yamma

To bari in rubuta wani ɓangare, don a san ba kaina ne ya taɓu ba.

A sana'armu akwai abin da muke ce wa ba da ido. Idan mutum biyu suna magana a fim, da farko a ɗauke su tare daga nesa. Sannan kyamara ta matso ta cika da fuskar ɗaya, daga baya ta juya kan ɗayan. Lokacin da ake ɗaukar fuskarka, abokin maganarka ba ya cikin hoto, don haka ba dole ne ya tsaya ba. Manya tafiyarsu suke yi. Sai a liƙa salatif a jikin ƙarfen kyamara a ce ka kalle shi, mataimakin darakta ya riƙa karanto maka amsa daga takarda da murya irin ta sanarwar jana'iza.

Ni ban taɓa tafiya ba. Ko an sallame ni tun safe, ina nan a gefen Dogo, ina ba wanda ake ɗauka ido, ina ba shi amsa da dukkan zuciyata. Na yi kuka a bayan kyamara fiye da wanda na yi a gabanta, kuma ba wanda ya gani sai mutum ɗaya. Ba a biya a kan wannan, ba a rubuta sunan mai yinsa. Amma duk wanda ya ce maka yana iya yi wa salatif kuka na gaskiya, ƙarya yake yi.

Jaruminmu, wanda nake ce wa Ɗan Gayu, a gabana ya fara. Ranar farko don tsoro sai tuntuɓe yake yi a magana. Na tsaya masa tun safe har rana ta faɗi, duk sanda ya kalle ni na gyaɗa masa kai. Yau hotonsa ne a kowane allon talla na titi, kuma ina alfahari da shi, Allah ya sani.

Ranar Talatar nan mun gama ta nesa tare, lafiya lau. Sai ya duba agogo ya ce yana da ɗaukar tallar sabulu, a bar tasa fuskar sai wata rana, a yi tawa. Ya dafa kafaɗata ya ce ai Baba tsohon hannu ne. Aka liƙa jan salatif. Aka ce akshin. Na yi maganar awon kafaɗa, na zo ta ƙirji, na kalli salatif, salatif ya kalle ni. Na buɗe baki ban sami komai a ciki ba.

Sauran Dogo ne ya sani, shi ya ɗauke ni a hannu zuwa asibiti.

Na karanta wa mai ɗakina wannan, na ce kin gani, salatif ne. Ta ce ita ba ta taɓa jin salatif ya kwantar da mutum a asibiti ba.

Lahadi, da hantsi

Darakta ta zo da lemo da ayaba. Yarinya ce sa'ar autarmu, mai kaifin kai, kuma tana girmama ni, shi ya sa maganar ta yi mata wuya. Ta ce akwai dabara: a sa wa wani hulata da rigata, a ɗauke shi ta baya, ni kuma in karanta maganar a zaune a ɗakin murya, da takarda a hannu, a hankali. Na ce mata ƙeyata ma ta iya wasa, ba ta buƙatar wakili.

Sai ta faɗi gaskiya. Furodusa ya ba ta yini ɗaya, Asabar mai zuwa. Idan na yi, shi ke nan. Idan na tsaya a hanya, a ranar za su ɗauki ta wayar, don kayan aiki za su koma washegari. Ta ce ita tana son fitowar nan fiye da kowa, don saboda fuskata ta rubuta ta, amma ba za ta yafe wa kanta ba idan aka sake ɗaukata a hannu.

Na ce abu ɗaya nake so, a ba ni idon mutum. Ta ce za ta yi wa Ɗan Gayu magana da kanta.

Da ta tafi na yi rawa a tsakar falo. 'Yar kaɗan, da ƙafa ɗaya, amma rawa ce.

Litinin, bayan la'asar

Ta ƙi.

Ba Darakta ba, mai ɗakina. Ni ban iya haddace magana daga takarda ba, ban taɓa iyawa ba. Sai na ji ta a bakin mutum. Tun muna amarya da ango ita ke riƙe mini ɗaya ɓangaren, tana yanka albasa ko tana guga, ni ina zagaya ɗaki. Matar nan ta yi ɓarawo, ta yi ɗan sanda, ta yi lauya, ta yi minista, ta yi yaro ɗan shekara bakwai, duk a kicin ɗinmu. Sau ɗaya take karantawa ya zauna mata. Amma ba ta taɓa taka wurin ɗauka ba, ta ce ba ta son ganin ana shafa wa mijinta hoda.

Yau na kawo mata takardar ta ce in mayar inda na ɗauko. Na yi wasa, na yi lallashi, na yi fushi. Ta ci gaba da ninke kaya kamar da bango nake magana.

Talata, da safe

Ni kaɗai, a gaban madubi. Na yi kafaɗa. Na tsaya a ƙirji.

Laraba, da safe

Ƙirji.

Laraba, da yamma

Na buga wa Ɗan Gayu bai ɗaga ba. Can sai ga direbansa da ƙaton kwandon kayan marmari, da saƙo wai in kwantar da hankalina, ai ranar Asabar dole ne, ko ƙasa da sama za su haɗe. Gidanmu ya zama kasuwar lemo. Na aika wa maƙwabta.

Na ɗauko tef ɗin awo na rataya a wuya. Da hagu yana zama. Da dama kuwa sai ya zame, na sunkuya na ɗauka, ya sake zamewa. Na zauna ina kallon hannun yana 'yar rawarsa, sai na yi tunani: uban da ke auna ɗansa awon tafiya, hannunsa tsaye zai tsaya? Da can sai na ƙirƙiro rawar hannun nan. Yanzu kyauta na same ta.

Lafiyata ƙalau.

Alhamis, tsakar rana

Na daɗe a gaban madubi ina kallon gefen bakina. Yau ba ƙalau ba.

Alhamis, bayan magariba

Bari in rubuta wannan da kyau, ko hannun zai yi gardama.

Ina ɗaki ina zagaye, ina yi a fili. Na yi kafaɗa, na zo ƙirji, na faɗi awon, na tsaya inda na saba tsayawa. Ba komai a kaina sai fari fat. Na dafa bango. Sai daga kicin, cikin ƙarar cokali da tukunya, na ji murya, irin muryar da take yi idan tana namiji:

"Baba, kar ka matse ƙirjin. An ce can akwai sanyi, zan riƙa sa wata a ciki."

Amsar ɗan tela ce. Kafin in san abin da nake yi bakina ya kama, maganar ta zubo, hannu, tsawo, wuya, har ƙarshen shafi na uku ban yi tuntuɓe ba. Tana ba ni daga kicin ina karɓa daga ɗaki.

Na same ta ta juya wa ƙofa baya, tana juya tukunyar da ba ta buƙatar juyi. Na ce ashe ministan bai yi ritaya ba. Ba ta waiwayo ba ta ce:

"Malam, na ga ka mutu a talabijin ban san iyaka ba, ban taɓa zubar da hawaye ba, don na san kana falo kana neman shayi. Wannan karon a kujerar asibiti na zauna ina kiranka kana kallona ba ka san ni ba. Kai ba ka ga wannan ba, ni na gani."

Ban sami wasan da zan yi ba.

Ta ce ba don ta yarda ba ne ta amsa mini, don ta gaji da jin mutum yana mutuwa a ƙirji kullum ne. Sannan ta kafa sharaɗi. Za ta riƙe mini a gida. Ranar Asabar ƙafarta ƙafata, da magani da filas. Kuma idan ta ce ya isa, to ya isa, ko a tsakiyar magana nake. Na ce na ji na yarda. Da ta ce in sa hannu a wuta ma da na sa.

Juma'a, da yamma

Mun yi da safe, mun yi bayan azahar, mun yi tana shanya. Ba tuntuɓe ko ɗaya. Ta ce ina saurin wuce maganar wuya, in ja numfashi. Shekara arba'in daraktoci suna cin albarkacin matar nan ba su sani ba.

Na goge takalmin tela da kaina. Gobe.

Lahadi, da hantsi

Jiya ban iya riƙe biro ba, kuma ba laifin hannu ba ne. Yau zan rubuta duka.

Mun isa da wuri. Shagon tela yana nan yadda na bar shi a cikin babban ɗakin ɗauka: bango uku na katako, keken ɗinki, yadudduka a kanta, alli a kan tebur. Ma'aikata suka yi ta zuwa gaisuwa, kowa yana magana a hankali kamar an zo dubiya. Mai ɗakina ta sami kujerata mai rubutu a baya ta zauna, jaka a cinya, tana kallon mai kwalliya tana shafa mini hoda, fuskar nan a murtuke.

A bayan kantar shagon na hango shi, an jingina shi da bango an juya fuskarsa. Hotona ne a baƙin firam. A kan tebur kuma ga wayar da za a buga. Furodusa yana tsaye daga nesa, ya ɗaga mini hannu yana murmushi, ido a kan agogo.

Aka gyara fitilu. Aka jira. Ɗan Gayu bai zo ba. Aka buga aka ce yana hanya, aka sake bugawa aka ce ya kusa. Rana ta take. Na ga furodusa ya ja Darakta gefe, na ga tana girgiza kai, na ga ta daina girgizawa. Ta zo ta durƙusa a gabana ta ce Baba, ko dai mu fara, ko kuma lokacin ya tafi.

Mataimakinta ya ciro jan salatif daga aljihu ya yage da haƙori. Ba zan ɓoye ba, na ji tsoro, tsoro irin wanda ban taɓa ji ba ko a ranar farko. Ya liƙa shi a jikin ƙarfe ya buɗe takarda ya gyara murya.

Sai na ji an ajiye jaka a ƙasa.

Mai ɗakina ta tako a hankali, tana tsallake wayoyi, ta zo gefen kyamara ta kalli salatif ɗin sama da ƙasa. Ta tambayi Dogo ko wannan ne. Dogo ya ce shi ne, Mama. Ta sa farce ta ɓanɓare shi ta manna wa mataimakin a hannun riga ta ce, "Riƙe kayanka, ɗana. A ina yaron yake tsayawa?"

Darakta ta kalli furodusa, ta kalle ni, sannan ta ce a kawo akwati. Mai ɗakina gajera ce, Ɗan Gayu kuwa ya fi ni tsawo, dole idona ya kalli sama. Dogo da kansa ya riƙe mata hannu ta hau akwatin katako, ya ce a ƙara wani. Mataimakin ya miƙa mata takarda ta ce ba ta buƙata. Tana tsaye a can sama da mayafinta da takalmin roba, ta ɗaga haɓa irin ta saurayin da ya ƙosa ya bar gida.

Aka ce akshin.

Na yi kafaɗa. Na ce wa ɗan tela a da can da tafin hannuna ɗaya nake auna kafaɗar nan. Na zo ƙirji, na faɗi awon, sai farin nan ya taso, na gan shi yana zuwa. Na ɗaga ido. Ba salatif ba ne, ita ce, tana kallona kamar yadda take kallona idan na manta inda na ajiye tabarau alhali yana goshina. Ba ta yi gaggawa ba. Ta bar ni na ja numfashi, sannan ta ce kar in matse, can akwai sanyi.

Daga nan ban ƙara sanin akwai fitila a ɗakin ba. Tef ya zame daga hannuna, na bar shi ya faɗi, na kalli hannun yana rawa na ci gaba. Gefen bakina ya yi abin da yake yi yanzu, ban ɓoye shi ba. Na zo ƙarshe, inda tela yake cewa:

"Na bar maka sarari a ɗinkin. Idan ka yi ƙiba a can, kowane tela zai buɗe maka. Idan ka rame, kar ka kai wa kowa. Ka kawo mini nan, ni zan rage."

Ɗan tela ba shi da amsa a nan, kallo kawai yake yi. Ta kalle ni, hawaye na bin fuskarta, ba ta share ba, ba ta kawar da ido ba.

Darakta ta manta ba ta ce kot ba. Sai da Dogo ya ɗago kai daga kyamara ya fyace hanci sannan ta tuna. Ɗauka ɗaya. Ba a yi tafi ba da farko, ana ta kallon ƙasa, sai mai fitila daga can sama ya fara, ɗakin ya ɗauka. Furodusa ya zo ya kama hannuna da hannu biyu yana cewa ai shi dama ya sani. Na ce na gode, kuma ina roƙon alfarma, a ba ni hoton nan mai firam, an fitar da ni da kyau. Ya rasa inda zai sa fuskarsa. Yana nan yanzu a falo, sama da talabijin.

Da na juya sai na ga Ɗan Gayu a bakin ƙofa, tabarau a hannu. Dogo ya ce mini tun ina maganar awon hannu yake tsaye a wurin.

Saura tasa fuskar. Darakta ta ce Baba an sallame ka, je ka huta, za mu liƙa masa. Mataimakin ma har ya ɓanɓaro salatif ɗin daga hannun rigarsa, kuma na ga wasu suna murmushi, suna jiran su ga jarumi ya ɗanɗana. Gaskiya na gaji, kaina yana ɗan juyawa. Mai ɗakina ta riga ta sauko, ta rataya jaka, ta buɗe filas ta miƙo mini magani. Mun yi sharaɗi, kalma ɗaya za ta faɗa in bi ta mota.

Na haɗiye maganin ina kallonta. Ita ma tana kallona. Ta kalli yaron, ya sunkuyar da kai.

Ta ce a kawo mini kujera. Dogo ya ce idan na zauna idon ba zai daidaita ba, a tsaye aka ɗauki ta nesa. Ta yi tsaki ta ajiye jakar. Ta kai ni gefen kyamara, ta tsaya a bayana, ta damƙe rigata da hannu biyu ta kafa kafaɗarta a gadon bayana. Ta ce, "To, ba shi. Idan ka yi baya ina nan."

Ɗan Gayu ya tsaya a kan alamarsa ya kasa ɗago kai. Ya ce, "Baba, ni ban cancanci…"

Na ce, "Kalle ni nan. Kyamara ba ta ɗaukar tsakiyar kai."

Na ba shi shafi ukun nan daga farko, duka, kamar ni ake ɗauka. Da na zo maganar rama, yaron ya yi abin da ban ga ya yi ba tun ranarsa ta farko, ya manta da gefen fuskarsa mai kyau. Za su ce shi ne wasan da ya fi kowanne a rayuwarsa, kuma gaskiya za su faɗa.

Da aka ce kot sai na ji murya a bayana, daidai kunnena.

"Yanzu ya isa."

Na ce to.

Talata, da safe

Yau Talata, kuma ga shi ina rubutu. Likita ya duba ni jiya, ya ce da sauran tafiya, ya ƙara wani magani. Ba ƙalau ba, amma ina nan.

Darakta ta aiko da shafukan farko na sabon zango, tela yana cikin shagonsa. Na kai kicin na ajiye kusa da albasa ban ce komai ba. Ta goge hannu a zani, ta sa tabarau, ta ce wannan karon ita wace ce.